Matsalar Sake Zana Saƙar Dangantakar Ma'aikata, da Abin da Take Nufi ga Binciken Hausa a Yamai

1. Gabatarwa

Mai binciken da ya ga zane a cikin wata mujalla, ɗigo-ɗigo haɗe da kibiyoyi masu nuna wanda ke neman shawarar wani a wurin aiki, yakan ɗauka cewa da zarar ya sami jadawalin da aka yi amfani da shi, to zai fitar da zanen kamar yadda aka buga shi. Sau da yawa abin yakan ƙi. Sai ya tarar kibiyoyinsa sun fi na mujallar yawa, ko sun gaza, ko kuma mutumin da aka ajiye a tsakiya ya koma can gefe. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana inda irin wannan saɓani yake fitowa, ta hanyar bin wani sanannen bincike da aka buga a 1987, sannan a duba abin da zai faru idan aka ɗauko wannan dabara aka shiga da ita wuraren aiki na unguwa irin Banifandu a birnin Yamai, inda tambayar za ta fito da Hausa ko da Zabarmanci.

Batun ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye. Duk wanda zai buɗe ajin manya a wani shago ko gareji, yana bukatar ya san mutumin da sauran suke jin maganarsa. Idan zane ya nuna masa wani dabam, to ajin zai watse kafin a gama baƙaƙe. Bugu da ƙari, tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ana sa ran takardun tambayoyi da Hausa za su ƙaru, kuma gara a tantance kalmomin da za a zuba a cikinsu tun da wuri.

2. Asalin zanen da shakkar da ta biyo baya

Jacob Moreno, tare da Helen Jennings, shi ne ya yaɗa wannan irin zane a littafinsa na 1934. Kowane mutum ɗigo ne, kowace dangantaka layi ce, idan kuma dangantakar tana da inda ta nufa, sai a sa wa layin kan kibiya. A 1939 aka buga binciken masana'antar Western Electric da ke kusa da Shikago, inda aka zana dangantakar ma'aikata 14 na ɗaki guda. A Afirka kuwa, Bruce Kapferer ya zauna a wani shagon ɗinki a garin Kabwe na Zambiya, ya rubuta mu'amalar ma'aikata 39 har sau biyu, da tazarar wata 7 a tsakani, ya raba mu'amalar aiki da ta zumunci. Bayan dubawar farko an yi yunƙurin yajin aiki bai yi nasara ba, bayan ta biyu aka yi wanda ya yi nasara. An buga wannan aiki a 1972. Abin lura shi ne Kapferer da idonsa ya gani, ba tambaya ya dogara da ita ba.

Yawancin masu bincike ba su da watannin da za su zauna a shago, saboda haka tambaya suke yi. Daga 1976 zuwa farkon shekarun 1980, Russell Bernard da Peter Killworth, daga baya tare da Lee Sailer, suka gwada amsoshin mutane da abin da aka rubuta na ainihin maganar da suka yi da juna, a ƙungiyoyi dabam-dabam, har da kurame masu aika saƙo ta na'ura da masu sha'awar rediyon zumunci. Hukuncin da suka yanke mai zafi ne: kusan rabin abin da mutane suke faɗa game da wanda suka yi magana da shi ba daidai ba ne. A 1987 Linton Freeman da Kimball Romney da Sue Freeman suka sassauta hukuncin, da suka nuna cewa kuskuren mutane yana da alƙibla, wato yana karkata zuwa ga abin da aka saba gani a tsawon lokaci. Wanda aka tambaya waɗanda suka halarci zaman jiya, yakan lissafa waɗanda suka saba halarta.

3. Binciken Krackhardt

A wannan shekara ta 1987 David Krackhardt ya buga maƙalarsa a mujallar Social Networks. Ya ɗauki wata ƙaramar masana'anta a gaɓar yammacin Amurka, mai ƙera injuna, wadda ke da ma'aikata wajen 100, daga cikinsu 21 shugabanni ne: babban shugaba 1, mataimaka 4, da shugabannin sassa 16. A madadin ya tambayi kowa game da kansa kaɗai, sai ya tambayi kowane ɗaya daga cikin 21 ɗin game da kowa da kowa. Wato aka ce wa mutum ya faɗi wurin wanda wane yake zuwa neman taimako ko shawara a kan aiki, da kuma waɗanda wane ya ɗauka abokai, haka har a ƙare sunaye.

Sakamakon wannan tambaya ba jadawali guda ba ne. Kowane mai amsa ya cika nasa falle, mai layi 21 a kwance da 21 a tsaye. In aka cire gurbin da mutum ya haɗu da kansa, kowane falle yana da gurbi 420, fallaye 21 kuwa suna da gurbi 8,820, a kan dangantaka guda kawai. Zanen da ake bugawa a shafin mujalla ba ya ɗaukar fiye da gurbi 420. Ke nan kafin a ja layi ko ɗaya, sai an yanke shawarar yadda za a matse 8,820 su koma 420, kuma a nan ne mafi yawan saɓanin yake ɓuya.

Krackhardt ya kawo hanyoyi uku. Ta farko ita ce a zari falle ɗaya a zana shi yadda yake, wato duniyar ma'aikatar kamar yadda mutum guda yake ganinta. Ta biyu ita ce a saurari masu abin kaɗai, a bar ƴan kallo: game da ko wane yana zuwa wurin wane, sai a duba fallen mai zuwan da fallen wanda ake zuwa wurinsa. Ita wannan hanya ta rabu gida huɗu, domin ana iya ɗaukar maganar mai zuwa ita kaɗai, ko ta wanda ake zuwa wurinsa ita kaɗai, ko a ce sai dukansu biyu sun shaida, ko a ce shaidar ɗayansu ta wadatar. Ta uku ita ce rinjaye: a ƙirga masu amsa nawa ne suka ce dangantakar tana nan, in sun kai wani haddi, galibi rabi, sai a ja layi. Daga tarin fallaye guda, ana iya fitar da zane 21 ta hanyar farko, 4 ta hanya ta biyu, da wasu da dama ta hanya ta uku gwargwadon inda aka kafa haddi. Dukansu halattattu ne, kuma ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa sosai.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne bayanan sun yaɗu a siga biyu. Akwai cikakken tarin fallaye, wanda ke tafe da manhajar UCINET. Akwai kuma gajeren bugu da Stanley Wasserman da Katherine Faust suka sa a littafinsu na 1994, wanda ya ƙunshi abin da kowa ya faɗa game da kansa, kuma shi ne ɗalibai suka fi sani. A wannan gajeren bugu akwai kibiya 190 ta shawara, 102 ta abota, da 20 ta wanda ke ƙarƙashin wa a tsarin ma'aikata. Wanda ya ɗauki gajeren bugun yana neman fitar da zanen da aka yi da rinjaye, ko da falle ɗaya, to yana neman abin da babu shi a hannunsa.

Alƙaluman gajeren bugun sun isa su nuna girman tazarar da ke tsakanin faɗar mutum da shaidar jama'a. Mai lamba 15 ya ce yana neman shawarar dukan sauran 20, amma mutum 4 ne kacal suka ce suna zuwa wurinsa. Mai lamba 2, ɗaya daga cikin mataimaka, mutum 3 ya ambata, alhali 18 ne suka ce suna zuwa wurinsa, wato ya ɗara babban shugaba, mai lamba 7, wanda 13 suka ambata. A fannin abota, mai lamba 17 ya lissafa abokai 18, waɗanda suka lissafa shi kuwa 6 ne. Babban shugaban bai kira kowa abokinsa ba, ko da yake mutum 3 sun kira shi nasu. Idan aka ce za a zana abota da layi marar kai, tun da ana ganin abota abu ce ta mutum biyu, sai wata tambaya ta taso. Mutanen 21 suna ba da tagwaye 210. A cikinsu tagwaye 23 ne kowa ya ambaci ɗan'uwansa, 56 kuma ɗaya ne kawai ya ambata. Mai sassauci zai ja layi 79, mai tsanani zai ja 23, daga jadawali guda.

Ya kamata a kula da wani wuri da ake yawan zamewa. Cewa wane ya ambaci wane kuma shi ma ya ambace shi, dabam yake da ƙa'idar shaidu biyu ta Krackhardt. A ƙa'idarsa, abin da ake nema shi ne na farko ya ce yana zuwa wurin na biyu, na biyun kuma ya tabbatar cewa lalle na farkon yana zuwa wurinsa. Ba a bukatar na biyun ya ce shi ma yana zuwa wurin na farko. Waɗannan lissafi biyu suna kama da juna a baki, amma ɗaya ana yinsa da gajeren bugu, ɗayan kuwa sai da cikakken tari. A bincikensa na 1990 a wani kamfani mai mutum 36, da ƙa'idar shaidu biyu Krackhardt ya kafa abin da ya ɗauka a matsayin saƙar gaskiya, sannan ya nuna cewa waɗanda suka fi sanin yadda shawara take gudana, su ne abokan aikinsu suka fi ganin suna da iko.

Haddin rinjaye ma yana da nasa ƙananan tarkuna. Rabin 21 shi ne 10 da rabi, don haka ko an ce rabi ko an ce fiye da rabi, mutum 11 ake nufi. Amma da zarar mutum guda bai cika fallensa ba, masu amsa sun zama 20, sai “rabi” ya zama 10, “fiye da rabi” ya zama 11. In kuma aka cire masu abin su biyu daga ƙidaya, don a ji ta bakin ƴan kallo zalla, saura 19 ke nan, haddi ya sauka zuwa 10. Sai kuma juyewar jadawali, wanda kuskure ne na hannu: idan aka karanta layin kwance a matsayin na tsaye, duk kibiyoyi za su juya baya, mai lamba 15 ya zama shi ne kowa ke nema.

4. Wurin da aka ajiye ɗigo

Ko da an dace kibiyoyi sun yi daidai ɗaya bayan ɗaya, zanen zai iya fita da wata kama. Jadawali yana faɗin wa ke haɗe da wa, amma ba ya faɗin inda za a ajiye kowa a kan takarda. A da da hannu ake jerawa. Yanzu kwamfuta ce ke yi, ta hanyar dabaru irin ta Kamada da Kawai ta 1989, ko ta Fruchterman da Reingold ta 1991, waɗanda suke ɗaukar layuka tamkar igiyar roba mai jawo ɗigo biyu kusa, ɗigon da ba su haɗu ba kuma suna ture juna. Da yawa daga cikin irin waɗannan dabaru suna farawa ne daga watsa ɗigon barkatai, don haka in aka maimaita aikin sau biyu za a iya samun kama biyu. Wannan ba ado kawai ya shafa ba. A 1997 Cathleen McGrath da Jim Blythe da Krackhardt suka nuna wa mutane saƙa guda a jeri dabam-dabam, suka tarar hukuncin masu kallo game da wanda ya fi muhimmanci da yawan ƙungiyoyi yana sauyawa da sauyin jeri. Maganin wannan mai sauƙi ne, wato a adana ma'aunin wurin kowane ɗigo, kwance da tsaye, tare da jadawalin.

5. Idan aka kawo dabarar Banifandu

Masana harshe ba baƙi ba ne ga wannan fage. Lesley Milroy, a aikinta na birnin Belfas da aka buga a 1980, ta auna ƙarfin saƙar kowane mai magana a unguwanni uku, kuma daga cikin abin da ta ƙirga akwai yin aiki wuri guda da ƴan unguwa da kuma zama da abokan aiki bayan an tashi. Ta tarar waɗanda saƙarsu ta fi kauri sun fi riƙe karin harshen unguwa. Tambaya irin wannan tana da wurin zama a Yamai, birnin da Hausa da Zabarmanci suke cuɗanya a kasuwa da wurin sana'a, Faransanci kuma yana riƙe da aikin biro. Sunan Banifandu kansa daga Zabarmanci yake. Wane harshe yaro mai koyon sana'a yake ƙarasa kamawa, na maigidansa ko na wanda yake kwana yana tambaya? Ba za a amsa ba sai an san wanda yake tambayar.

A ƙaddara wani shagon ɗinki a unguwar, don misali kawai, mai mutum 6: maigida, babban tela, tela na biyu, mai aikin ado a wuyan riga, da yara biyu masu koyo. Fallaye 6 ke nan, kowanne da gurbi 30. A ɗauki gurbi guda: shin maigida yana neman shawarar babban tela? Maigida zai ce a'a, domin girma ba zai bar shi ya faɗa wa baƙo mai takarda cewa yana tambayar yaronsa ba. Babban tela ma zai ce a'a, domin ba ya tona asirin wanda ya riƙe shi. Sauran huɗun kuwa kullum suna ganin maigida yana shimfiɗa masa shadda kafin a sa almakashi, za su ce i. A ƙa'idar masu abu, ko ta shaidu biyu ko ta shaida guda, babu kibiya. A ƙa'idar rinjaye, 4 cikin 6, akwai ta.

Sai a ɗauki wani gurbin. Tela na biyu bai iya karatu ba, kuma mai aikin ado ne yake karanta masa awon da aka rubuta a littafin shago da saƙon da masu kaya suke aikowa ta waya, a ɓoye, bayan an fita salla. Su biyu sun sani, in kuma suka amince da mai tambaya za su faɗa. Sauran huɗun ba su sani ba. A nan ƙa'idar shaidu biyu ta kama kibiyar, rinjaye kuwa, 2 cikin 6, ya zubar da ita. To wannan ita ce kibiyar da mai tsara yaƙi da jahilci ya fi bukata a duk shagon, domin ita ce take nuna masa wanda ya riga ya zama malami ba tare da an naɗa shi ba. Abin da misalin yake nunawa shi ne ba a zaɓen ƙa'ida guda a ɗora wa kowace tambaya. Dangantakar da ake yi a idon jama'a amma masu ita suke jin nauyin faɗa, rinjaye ne yake fito da ita. Wadda ake ɓoyewa kuwa sai daga bakin masu ita.

Daga nan sai kalmomi, kuma a nan ne aikin ya fi nauyi. A Nijar an saba rubuta takardar tambaya da Faransanci, a bar mai tambaya ya juya ta da baki a gaban wanda ake tambaya. Inda takarda ta ce ami, wani zai ce aboki, wani amini, wata kuma ta ce ƙawa. Waɗannan kalmomi ba mudu ɗaya suke aunawa ba. Amini shi ne wanda ake ba amana da asiri, kuma da wuya mutum ya lissafa fiye da ɗaya ko biyu. Aboki kuwa kalma ce mai faɗin gaske, wadda ma'anarta ta dogara da abin da ya biyo ta: abokin aiki, abokin ciniki, abokin tafiya, abokin hira, har da abokin gaba, wanda maƙiyi ne, da abokiyar zama, wadda kishiya ce. Wanda aka tambaya abokansa a wurin aiki yana iya fahimtar abokan aiki, ya lissafa kowa da kowa, ya zama wani mai lamba 17 ba da laifinsa ba. Ƙawa tsakanin mata, kamar yadda ta bayyana a labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954, alaƙa ce da ake ƙullawa, mai ɗauke da wajibcin gudummawa a biki, ba sabo kawai ba. Saboda haka jadawalin maza da na mata, in an tara su da waɗannan kalmomi, ba abu ɗaya suka ƙirga ba, kuma bai kamata a zana su a takarda guda kamar ɗaya ne ba.

Akwai kuma abokin wasa. Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana shiga shago da gareji kamar yadda yake shiga ko'ina. Ɗan kallo da ya san al'adar zai rubuta mutum biyu masu zolayar juna kullum a matsayin abokai, ko da kuwa iyakarsu ke nan. Wanda bai sani ba zai ɗauka ba sa ga-maciji.

Kalmar shawara ita ma tana da nata rikicin, kuma nata na nahawu ne. “Ya nemi shawararsa” da “ya shawarce shi” suna fitar da kibiya daga mai nema zuwa wanda aka nema. “Ya ba shi shawara” yana juya ta. “Sun yi shawara” ba shi da kai ko kaɗan. In masu tambaya biyu suka shiga shago guda, ɗaya yana cewa “wurin wa yake zuwa”, ɗayan yana cewa “wa yake ba shi”, kuma aka zuba amsoshinsu a jadawali guda ba tare da an lura ba, to rabin fallayen sun juye tun kafin su isa kwamfuta. Har ila yau, bayarwa tana jawo nasiha da gargaɗi, waɗanda suke saukowa daga babba zuwa ƙarami ba tare da an nema ba. Tambayar bayarwa za ta fito da tsarin girma da kowa ya riga ya sani, tambayar nema ce take da damar fito da abin da ke ƙarƙashinsa.

Wata dangantaka kuma babu ita sam a takardar Krackhardt, alhali ita ce ginshiƙin wurin aiki a ƙasar Hausa, wato ta ubangida da yaronsa ko baransa. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya nuna yadda cinikin shanu da goro yake rataye a wuyan masu gidaje da dillalansu da yaransu. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna cewa ana auna attajiri da arzikin mutane, ba da na kuɗi kaɗai ba. Wannan alaƙa ta wuce ta shugaba da na ƙasa da shi a takardar albashi, domin ta haɗa da ci da sutura da aure, kuma ba za a kira ta abota ba, don yaro ba ya kiran ubangidansa aboki. Babban shugaban nan na Amurka da bai ambaci kowa ba, shi kaɗai ne da wani mutum guda suka yi haka a cikin 21. A shagon Hausa kuwa ana iya tsammanin kowane maigida ya yi haka, kowane yaro kuma ya tsallake sunan maigida. In ba a keɓe wa wannan alaƙa tata tambayar ba, za ta tsiyaya cikin amsoshin shawara ta cika su.

Ƙaramin abu na ƙarshe a wannan sashe shi ne sunaye. Dabarar fallaye ba ta aiki sai kowa ya gane mutumin da ake nufi a kowane layi. Amma a wurin sana'a da laƙabi aka fi sanin mutane, ko da garinsu, ko da Malam da Alhaji, kuma akwai waɗanda kunya take hana su kama sunan wani, kamar mai sunan uba ko na suruki. Suna guda kuma yana da rubutu biyu, na takardar haihuwa bisa ƙa'idar Faransanci da na Hausa, ga gajerun siffofinsa na yau da kullum. Kafin a fara tambaya sai an zauna da mutanen an tsayar da jerin sunaye da kowa ya amince da shi, a ba kowa lamba, kuma lambar ta zauna daram a dukan fallaye.

6. Abin da ya kamata ya raka zane

Zanen da za a buga a mujallar bincike ya kamata ya zo da tambayar kamar yadda aka furta ta, da Hausa ko da Zabarmanci, ba fassararta ta Faransanci ba. A faɗi mutum nawa aka tambaya da nawa suka amsa, da hanyar da aka bi aka matse fallaye, in rinjaye ne a faɗi haddi da adadi, a kuma faɗi ko an ƙirga masu abin. A faɗi abin da kan kibiya yake nufi, da ƙa'idar da aka bi in an cire kawunan. Duk wannan bai fi rabin shafi ba.

Cikakken tarin fallayen ne yake da wuyar sha'ani. Ba a iya bin sawun zane sai da shi, amma lamba ba ta ɓoye mutum a ƙaramin wuri. A masana'antar Krackhardt ma, duk ma'aikacin da ya ga jadawalin tsarin shugabanci zai gane mai lamba 7 nan take. A shago mai mutum 6, maigida zai karanta zanen cikin minti guda, ya gane wanda bai iya karatu ba da wanda yake rufa masa asiri, ya kuma gane yaron da ya ce maigida yana tambayar na ƙasa da shi. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan da suka shafi mutane, kuma irin waɗannan fallaye suna cikin abin da ya kamata a riƙe bisa ita. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba aikin biyu. A mujalla a buga zanen da bayanin hanyarsa, ba tare da sunan shago ko layin da yake ba, kuma a haɗa shaguna da dama a bincike guda yadda ba za a gane ɗaya ba. Fallayen kuma, tare da ma'aunin wurin ɗigo, a ajiye su a ma'adanar wata cibiyar bincike, irin ta nazarin rayuwar ɗan Adam da ke Jami'ar Abdu Mumuni, inda mai son sake zanen zai nema a rubuce, ya sa hannu cewa ba zai fitar da su ba. Jerin da ya haɗa lamba da suna kuwa ya tsaya a hannun wanda ya yi tambayar, kuma tun ranar farko a gaya wa mutanen shagon cewa maigida ba zai ga fallen kowa ba.